Kulolina Uku Suna Gidan Atika

Gwaggo Briskila, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma da hanzari, domin saura kwana tara in tashi a gaban ikilisiya in ba da shaida, ga shi shaidar ta fara yi mini ɗaci a baki. Ki yi haƙuri da rubutuna, rabinsa murna ce, rabinsa kunya. Ban taɓa rubuto wa kowa damuwata ba, ni ce ma ake kawo wa, amma yau wanzami ya zo hannun jarfa.

Ni Kirista ce, 'yar Angalika, haifaffiyar Zariya. Shekararmu ashirin da bakwai a Tudun Wada ni da maigidana, Baban Eunice. Na yi aikin jinya har na gaji, bara na yi ritaya. Yara duk sun tashi sun kama gabansu, gida ya rage daga ni sai shi, tsohon malamin makaranta ne wanda tun da ya ajiye alli ba shi da aiki sai ban-ruwan alayyahunsa na tsakar gida da tsokanata.

Abin ya faro ne a watan Agusta, a babban taron Zumuntar Mata. An gayyato wata likita da ta yi aiki a ƙasashe da dama, ta haska mana hotuna a bango. Gwaggo, na yi shekara talatin da biyar a asibiti, ina ganin babu abin da zai ƙara girgiza ni, ashe da saura. Ga mata suna tafiyar rabin yini saboda tulu ɗaya na ruwa mai kalar kunu. Ga ɗakin haihuwa babu ko auduga. Ga iyali guda suna fakewa a ƙarƙashin leda, ruwan sama na dukansu. Ta ce a duniyar nan da muke ciki akwai ɗaruruwan miliyoyin mutane da ba su da tabbacin abincin gobe, ba su da ruwa mai tsabta, ba magani, ba makewayi, ba rufin kirki. Sai ta kashe majigin, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce ran da za mu tsaya gaban Ubangiji ba yawan waƙoƙin da muka haddace zai tambaye mu ba, zai ce ya zo ƙofarmu da yunwa da ƙishirwa, me muka yi masa. Na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe. Amma ba kukan baƙin ciki kaɗai ba ne, wani irin zumuɗi ne ya kama ni, na ji kamar an mayar da ni 'yar shekara ashirin, na ji ashe ritayar nan ba hutu aka ba ni ba, sabon aiki ne.

Na dawo gida ko jakata ban ajiye ba na fara yi wa Baban Eunice lissafin ƙasashen da ya kamata mu kai wa ɗauki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ni da ko Nijar ban taɓa tsallakawa ba, ina zan san hanyar waɗannan wurare. Ya ce shi a saninsa talauci ba ya neman biza, in ina son ganinsa in leƙa ta katanga. Da wasa ya faɗa, amma maganar ta zauna mini daram.

Bayan katangarmu gidan Atika ne. Ba sunanta ba ne, na sauya saboda rufin asiri. Musulma ce, maƙwabciyata tun ranar da muka tare, kuma in an ce ƙawa to ita ce. Ni na karɓi haihuwar autarta a tsakar ɗaki ranar da aka rasa mota. Ita ta zauna da ni kwana bakwai cur da mahaifiyata ta rasu. Tsakaninmu akwai kwano tun fil azal: da Sallah ta aiko mini da tuwon shinkafa da miyar taushe, da Kirsimeti in aika mata da shinkafa da cincin, wani lokaci in ta yi dambu mai daɗi ta miƙo, in na yi alala in miƙa. Kin san al'adar, kwano ba ya komawa fanko, ko 'yar gyaɗa ce sai an jefa a ciki. Mijinta Malam Salmanu tela ne, ya rasu shekara biyu da suka wuce, keken ɗinkin ma an sayar wajen jinyarsa. Yanzu bakuna huɗu ne a wuyanta, abin da take yi kuwa 'yar daddawa ce da ƙwan kaza.

Washegari na shiga gaishe ta, na dube ta da idon aikina, ba da idon ƙawance ba. Sai na ga abin da na yi shekara biyu ina kallo ban gani ba. Zanen da take ɗaurawa ya ƙara zagayawa, ƙasusuwan wuyanta sun fito, cikin idonta ya yi fari fat. Azahar ta yi, murhu sanyi ƙalau, ta ce wai sun ci da wuri. Na ji kunyar kaina, amma a lokaci guda na ji daɗi, Allah ya gafarta mini, domin na samu wanda zan taimaka kuma ga shi kusa.

Ran nan na ɗora tukunya. Na dafa shinkafa da wake, na yi miya da nama har da kifi, na cika babbar kulata, wadda sai biki nake fito da ita, na kai mata da kaina. Na ce mata kada ta sa komai in za ta maido. Ta yi dariya, ta yi ta sa albarka. Da yamma kula ta dawo a wanke tas, da ƙwai shida a ciki. Bayan kwana biyu na sake kaiwa, ta dawo da daddawa ƙulli uku. Na sake, ta dawo da soyayyiyar gyaɗa. Na mayar da abin sau uku a mako, Litinin, Laraba, Juma'a, kamar ranakun awo. Kowane zuwa sai na ce kada ta sa komai, kowane dawowa sai na tarar da wani abu. Ni kuwa sai murna nake yi, ina cewa dubi ikon Allah, ka ba da ɗaya ya maido maka.

Da na ba da labarin a Zumunta, ban faɗi suna ba, na dai ce wata maƙwabciyata, Gwaggo, ki zo ki ga yadda mata suka ɗauka! Nan take Uwar Zumunta ta ce wannan ba abin mutum ɗaya ba ne. Aka sa wa shirin suna Kwanon Maƙwabci: kowace mace ta duba gidan da ke kusa da ita wanda ke cikin rashi, Kirista ko Musulmi, ta riƙa kai dafaffen abinci. Mata arba'in da uku suka ba da suna a zama ɗaya, har da na Hanwa da na Kongo, har da wata tsohuwa da sai an riƙe ta take hawa matakalar coci. Aka fitar da anko. Aka sayo kuloli iri ɗaya, jajaye, aka buga sunan shirin a jikinsu da manyan baƙaƙe. Aka tsara waƙa. Aka tsayar da ranar Lahadin godiyar kaka don ƙaddamarwa, kuma ni ce zan tashi in ba da shaidar yadda abin ya faro. Ban taɓa jin ina da amfani a ikilisiya kamar a makonnin nan ba, ko tafiyata ta sauya, maigida ya ce ciwon gwiwar ma ya ji tsoro ya gudu.

Ana cikin haka, wata Juma'a kula ta dawo, a kanta kuma ga kaza an ɗaure mata ƙafa, wata ƙatuwar wake-wake mai ƙiba. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida. Na ce wannan ai ita ce ƙarshen shaida, wanda ba shi da shi ya ba da kaza sukutum. Saboda ina son su ma su ci, ban bari maigida ya yanka ba, na kai wa mahaucin bakin layi ya yanka yadda ya halatta gare su. Na yi farfesu da citta da kanumfari, na zuba cinyoyi biyu da ƙirji a kula, na kai wa Atika da zafinsa, ina ta zuba surutu cewa ga kazarta ta dawo gida. Ta buɗe, ta duba, ta rufe. Ta ce an gode, Allah ya saka. Na lura muryarta ta yi ƙasa, amma na ɗauka mura ce.

Wannan kular ba ta dawo ba. Na ce ƙila mantuwa ce, ran Litinin na cika wata na kai, aka ce tana banɗaki, na ajiye. Ita ma shiru. Ran Laraba na kai ta uku, ɗaya daga cikin jajayen nan masu rubutu, don in gwada ta, aka ce ta fita unguwa, alhali ga takalmanta a ƙofar ɗaki. Tun daga nan Atika ta daina leƙowa gaisuwar safe, abin da ba ta taɓa fasawa ba sai in ciwo. Ta daina bi ta ƙofarmu, sai ta zagaya ta bayan layi ta wajen kwata. Sau ɗaya muka yi kiciɓis wajen mai niƙa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta gaishe ni kamar wata baƙuwa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Har na ce a zuciyata wato alheri ya zama laifi, an ci an ƙoshi an riƙe mini kuloli.

Shekaranjiya na haɗu da babbar 'yarta Sakinatu a kasuwar Tudun Wada, tana aure a Tudun Jukun. A hannuna ta girma, Mama take ce mini, ba ta ɓoye mini magana. Na ja ta gefe wajen masu tumatir na tambaye ta me na yi wa Innarta. Ta ce in yi haƙuri za ta faɗa mini ne don ta san ba da mugunta na yi ba. Ta ce ƙwai shidan farko na sayarwa ne, da su ake sayen garin tuwon ranar. Daddawar nan jarinta ce gaba ɗaya ta riƙa gutsurowa har ta ƙare. Gyaɗar ma sai da ta ba da turminta aka musanya mata. Da komai ya ƙare, sai ta kama kazar, ita kaɗai ce mai yin ƙwai a gidan. Ta ce Inna ba ta iya cin farfesun ba, ta ba sauran, ita ta shiga ɗaki. Kulolin kuwa suna nan a wanke a ƙarƙashin gado, ba ta da abin sawa a ciki, kuma ta rantse ba za ta maido wa Maman Eunice kwano fanko ba ko da za ta mutu. Na ce ai na faɗa mata kada ta sa komai. Sakinatu ta ce haba Mama, wannan ai kowa na faɗa, ke kanki in Inna ta faɗa miki haka kin taɓa ji? Ta ƙara da cewa ranar da jar kular ta shiga, wata mata a layin ta tambayi Inna ko yanzu coci ne ke ciyar da su.

Gwaggo, ban san yadda na iso gida ba, cefanen ma a wajen mai tumatir na baro shi. Wato makonni shida ina kwashe wa baiwar Allah ɗan abin da take rayuwa da shi, ina soyawa ina ci, ina zuwa Zumunta ina tafi. Garin neman gira na rasa ido. Na shiga gidan da yunwa kaɗai ke damunsa, na fito na bar shi da yunwa da kunya, ba jari, ba kaza, ba ƙawa.

Baban Eunice ya ce in tsayar da komai, in je in ce wa mata a fasa, tun kafin a samu gida arba'in da uku masu kuloli a ƙarƙashin gado. Uwar Zumunta kuma, da na ɗan gutsura mata, cewa ta yi wannan gwaji ne kawai, kada in bari Shaiɗan ya kashe aikin Allah, har ta kawo shawarar a gayyato maƙwabciyar tawa ranar ƙaddamarwa a ba ta buhun masara a gaban jama'a, a ɗauki hoto. Na san wannan ba zai yiwu ba, amma ban iya musa mata ba.

Ga gaskiyar zuciyata: wutar nan ba ta mutu ba. Har yanzu in na tuna hotunan nan, in na tuna mata arba'in da uku a shirye da tukwanensu, tsigar jikina tashi take don murna. Na gaskata Ubangiji ne ya taɓa mu. Yunwar nan ba ƙarya ba ce, a duniya da ma a layinmu, kuma yanzu haka da nake rubutun nan ban san ko an ɗora tukunya a gidan Atika ba. Amma ina son ƙawata ta dawo. Ba na son in rasa ta saboda kula. In je in ba ta haƙuri, ai na nuna mata na san asirinta. In yi shiru, yunwa na cinsu. In aika abinci, na ƙara kula ta huɗu. Me zan yi? Kuma me zan tashi in faɗa ranar Lahadin nan?

Taki cikin Almasihu,
Mai Zumuɗi, Tudun Wada, Zariya.

AMSAR GWAGGO BRISKILA

Mai Zumuɗi, 'yar'uwata, na karanta wasiƙarki sau biyu. A karo na farko na yi dariya wajen farfesu, a karo na biyu ban yi ba. Ki share hawaye. Mutumin da bai taɓa yunƙurin taimako ba shi kaɗai ne bai taɓa yin irin wannan kuskure ba, kuma ba shi nake so ki zama ba.

Maigidanki ya yi gaskiya rabi, Uwar Zumunta ma ta yi gaskiya rabi. Ita ta gane cewa yunwa ba ta jira, kuma mata arba'in da uku da suka miƙe don maƙwabtansu ba ƙaramar baiwa ba ce, zunubi ne a watsa musu ruwan sanyi. Shi kuma ya gane cewa in aka ƙaddamar da shirin yadda yake, abin da ya faru a gida ɗaya zai faru a gidaje da yawa. Don haka ba fasawa za a yi ba, gyara za a yi. Maganar buhun masara da hoto kuwa, ki musa mata, da ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba. Ubangijinmu ya koya mana mu yi kyauta a ɓoye, har hannu ɗaya kada ya ji labarin ɗayan, balle mai ɗaukar hoto.

Likitar nan ta lissafa muku abinci da ruwa da magani da rufi, kuma duk gaskiya ne, rashinsu na kashe mutane a kowace nahiya. Akwai guda ɗaya da majigi ba ya iya haskawa, shi ne mutunci. Matalauci yana buƙatarsa kamar yadda yake buƙatar tuwo, sau da yawa ma shi kaɗai ya rage masa. Shekara ashirin da bakwai Atika tana tsaye kafaɗa da kafaɗa da ke: ta ba ki, kin ba ta. Kwanon nan shi ne shaidar cewa ku biyu daidai kuke. Da kika mayar da shi sau uku a mako, da babbar kula da nama da kifi, ke kina ganin sadaka kike yi, ita kuma tana ganin zumunci ne, kuma zumunci ramawa ake yi. Ta gwammace ta rasa kaza da ta koma mai karɓa a wurin ƙawarta. Kada ki kira wannan girman kai. Wannan matar ta ba da duk abin da take da shi don ta riƙe matsayinta a wurinki, ki auna yadda ta ɗauke ki.

Ki tuna yadda Almasihu ya yi da matar nan ta Samariya a bakin rijiya. Shi ne mai abin bayarwa, amma da roƙo ya fara, ya nemi ta sam masa ruwa. Ya bar ta ta zama mai bayarwa tukuna, sannan magana ta buɗe. Nan ne aikinki yake.

Kada ki ƙara kai dafaffen abinci a mazubin da za a maido. Kada ki tambayi kulolin, kada ki aika a karɓo, ki ɗauka ba ki da su. Haƙuri kuwa za ki ba ta, amma gajere, kuma a kan laifinki kaɗai, ba a kan rashinta ba. Ki ce zumuɗi ya ɗebe ki kin ɗora mata nauyi, kin mance girman al'ada, ta yafe miki. Kada ki ambaci ƙwai, kada ki ambaci turmi, kada ki sa sunan Sakinatu a ciki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bayan kwana biyu ki zo mata da buƙata, kuma buƙatar gaske, domin ba na koya miki ƙarya. Kin ce maigida na noman alayyahu a tsakar gida, ke nan kaza ba za ta zauna muku ba. Ki sayi 'yan dakwalen kaji biyu ko uku masu shirin fara ƙwai, ki roƙe ta ta riƙe miki kiwo irin na iyayenmu: ƙwai nata, in an yi ƙyanƙyasa ku raba 'yan tsaki. Dawar da za a ba kajin ke za ki riƙa kaiwa, mudu-mudu, kuma babu wanda zai bi ya ƙirga ko kaji nawa suka ci. Ga kuma girkin godiyar kaka a gabanku, mata fiye da arba'in za su yi miya, wa zai kawo daddawa? Ki sayo kalwa ki ba ta aikin, a biya ta kamar yadda ake biyan kowa. Jarinta ya dawo ke nan ta hanyar guminta. Kuma tunda kin ga farin ido, ke ma'aikaciyar jinya ce, wannan hurumin naki ne, ba ta taɓa jin kunyar karɓar shawararki a kan lafiya ba. Ki lallaɓa ta ku je a auna jininta.

Ga matan Zumunta, ki faɗa musu abin da kika koya ba tare da kin nuna gida ba. Kulolin nan masu rubutu a bar su don bukukuwan coci, kada ko ɗaya ta shiga gidan maƙwabci, domin duk ƙofar da jar kula ta shiga an yi mata shela. Inda yunwa ta yi tsanani har ba a iya jira, a kai ɗanyen hatsi a leda, a kai shi shiru. Leda ba ta da darajar da za a maido ta, balle a sa wani abu a ciki. Kowace mace ta fara zama da maƙwabciyarta ta saurara kafin ta ɗora tukunya, don wata ba abinci ne matsalarta ba, ruwa ne, wata magani, wata kuma sana'a ce ta tsaya. Kada kuma a mayar da abincin ƙugiyar jawo mutum coci. A ba da shi don Allah, a bar wa Allah sauran. Su waɗancan na nesa da kika gani a hoto kada a manta da su, ku ware musu baiko ta hannun waɗanda suka san hanya, ku riƙa sa su a addu'a. Amma kin riga kin gani da idonki cewa taimakon mutumin da ke bayan katanga ma sai an yi karatunsa, balle wanda ke bayan teku.

Ranar Lahadi ki tashi, ki sa ankonki, ki yi waƙarki da ƙarfi. Shaidar da za ki bayar ba ta yadda kika ciyar da matalauciya ba ce. Ki ce kin fita ba da kyauta kin tarar da wadda ta fi ki iya bayarwa, kuma kin koyi tambaya kafin taimako. Daga nan ki zauna. Sauran labarin na Atika ne, ba naki ba.

Amma duk wannan yana bayan abu ɗaya. Gobe da hantsi, ki ɗaura zanenki na gida, ki shiga wurinta hannu rabbana, ko ƙwayar goro kada ki riƙe. In an ce ba ta nan, ki ce za ki jira, ki ja tabarma ki zauna, zumunci a ƙafa yake. Za ta fito, domin ba za ta bar ki zaune ke kaɗai a tsakar gidanta ba. Kuma za ta kawo miki wani abu, ko gari ne jiƙaƙƙe, ko ruwan randa a moɗa. Kada ki ce kin ƙoshi, kada ki ce ta bar wa yara. Ki karɓa da hannu biyu, ki shanye tas, ki ce ta ƙara miki.

Ubangiji ya riƙe wutar da ya kunna a zuciyarki, ya ƙara mata hikima. Ya buɗe wa Atika ƙofofin arziki, ya maido muku da gaisuwar safe.

Taku,
Gwaggo Briskila